Rabon Maki a Jarrabawar Ƙididdiga: Kira ga Masu Duba Amsoshin Gwajin Hasashe

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida mai farin jini, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan wani al'amari da ba kasafai yake wuce ƙofar ɗakin malamai ba, wato yadda ake duba amsoshin ɗalibai a jarrabawar ilimin ƙididdiga mai zurfi, musamman sashen da ake kira gwajin hasashe. Ni malami ne a wannan fanni, kuma duba takardun jarrabawa yana cikin aikina, saboda haka abin da zan faɗa ya shafe ni kamar yadda ya shafi kowane abokin aikina. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.

Domin amfanin mai karatun da bai taɓa yin wannan darasi ba, gwajin hasashe hanya ce ta auna wata da'awa da ɗan abin da aka iya tattarawa na bayanai. Ana farawa ne da ɗaukar cewa babu wani bambanci kuma babu abin da ya canza, wannan shi ne hasashen tushe, wanda ake yi wa alama da H0, sannan a rubuta kishiyarsa, wato H1. Daga nan sai a ɗebi samfuri, wato 'yan kaɗan daga cikin ɗaukacin abin da ake aunawa, a fitar da wata lamba daga cikinsa, a yi tambaya guda: in da hasashen tushe gaskiya ne, mene ne yiwuwar a ga sakamako mai nisa kamar wannan, ko wanda ya fi shi nisa? Amsar wannan tambaya ita ake kira ƙimar p. Idan ta yi ƙasa da haddin da aka ajiye tun kafin a duba bayanan, wanda galibi kashi 5 cikin 100 ne, sai a yi watsi da hasashen tushe. Idan kuwa ba ta yi ƙasa ba, sai a ce hujja ba ta isa ba. Da wannan hanya ake yanke hukunci a kan ko sabon magani ya fi tsoho aiki, ko wani taki ya ƙara yabanya, ko injin masana'anta ya kauce daga saitinsa. Ɗaliban da muke ba maki yau su ne za su riƙa sa hannu a kan irin waɗannan rahotanni nan gaba.

Ƙorafina shi ne cewa tsarin rabon maki da muka saba da shi yana tara lada a wurin da tunani ya yi ƙaranci. A irin tsarin da na saba gani, tambaya mai maki 8 takan ba da maki 1 don rubuta hasashen biyu, maki 4 don lissafi da nemo lambar iyaka a tebur, wato lambar da sakamakon lissafi zai wuce kafin a yi watsi da hasashen tushe, maki 1 don kwatanta lambobin, maki 1 don hukunci, sannan maki 1 tak don jimlar ƙarshe da ke bayyana ma'anar hukuncin. Rabin makin ke nan ya tafi ga aikin da kalkuleta take gamawa cikin ƙiftawar ido, aikin da manhajoji irin su R da SPSS za su ɗauke wa ɗalibi da zarar ya bar makaranta. Layin farko da layin ƙarshe, waɗanda babu na'urar da za ta rubuta masa su, kuma su ne kaɗai ke nuna ko ya san abin da yake yi, sun tashi da maki 2 a tsakaninsu.

Bari in ƙirƙiro misali mai lambobi, domin magana a kan wannan fanni ba tare da lamba ba hira ce kawai. A ce wani kamfani ya yi da'awar cewa batirinsa yana yin awa 100 a matsakaici. An gwada batir 10, matsakaicinsu ya zo awa 96.5, ma'aunin warwatsuwarsu, wato yadda suke nisanta daga matsakaicin, kuma awa 5.2. An tambayi ɗalibi ya gwada, a haddin kashi 5 cikin 100, ko matsakaicin ɗaukacin batiran ya bambanta da awa 100. Wanda ya san aikinsa zai raba 5.2 da tushen murabba'in 10, ya sami 1.64, sannan ya raba giɓin awa 3.5 da wannan lamba, ya sami −2.13. Zai buɗe teburin t, teburin iyakoki na gwajin t da ake yi idan an ƙiyasta warwatsuwa daga samfuri, a layi na 9, wato yawan samfuri a cire ɗaya, ya tarar da iyaka 2.262. Tun da girman 2.13 bai kai 2.262 ba, ba za a yi watsi da hasashen tushe ba, kuma ƙimar p tana wajen 0.06. Jimlar da ta dace ita ce a ce babu isasshiyar hujja, a wannan haddi, da za ta nuna cewa matsakaicin ɗaukacin batiran ya bambanta da awa 100.

To, ga takardu biyu a gaban mai dubawa. A ta farko, ɗaliba ta rubuta hasashenta daidai, ta zaɓi gwajin t, ta faɗi dalilin zaɓinta, amma wajen kwafo lamba daga takardar tambaya sai ta juya 5.2 ta koma 2.5. Lissafinta ya ba ta −4.43, ta kwatanta girmansa da 2.262, ta yi watsi da hasashen tushe, ta rubuta cewa akwai hujja cewa matsakaicin batiran ya bambanta da abin da kamfani ya faɗa. Duk matakin da ta taka bayan wannan tuntuɓe daidai yake bisa lambar da ke hannunta. A takarda ta biyu, ɗalibi bai yi kuskuren ko da ɗigo ɗaya a lissafi ba, ya iso −2.13, ya ce ba a yi watsi da hasashen tushe ba, sannan ya rufe da cewa wannan ya tabbatar batiran suna yin awa 100 kamar yadda kamfani ya faɗa. A hannun mai dubawa da ke bin lambobin ƙarshe kawai, ɗalibar takan tashi da maki 3 ko 4, domin komai nata ya saɓa wa abin da ke rubuce a takardar amsa ta masu dubawa, shi kuwa ɗalibin ya tashi da 7, ko ma 8 idan mai dubawa ya gaji kuma idonsa ya tsaya a kan kalmomin da yake nema. A ganina an juya adalci ke nan. Ita idonta ne ya zame na daƙiƙa guda, shi kuwa bai fahimci abin da gwajin yake iya faɗa da abin da ba ya iya faɗa ba.

Maganin rabin wannan matsala sananne ne, ba sai an ƙirƙiro shi ba. Hukumomin jarrabawa na Birtaniya sun daɗe suna raba makin lissafi gida-gida: makin hanya mai alamar M, makin daidaiton amsa mai alamar A, da makin da bai rataya a kan hanya ba mai alamar B. Suna kuma da ƙa'idar bin sawun kuskure, wadda ke ba mai dubawa damar ɗaukar lambar da ɗalibi ya samu, ko da ba daidai ba ce, ya duba ko abin da ya gina a kanta ya tsaya. Da wannan ƙa'ida ɗalibarmu za ta rasa makin daidaito kawai, kuma ba za a hukunta ta sau huɗu a kan laifi ɗaya ba. Amma ƙa'idar ba ta taɓa ɗalibi na biyu ba, kuma a wurinsa ne gizo ke saƙa.

Me ya sa nake ganin jimlarsa babban kuskure ce? Da waɗannan lambobi ɗin dai, idan aka fitar da tazarar amincewa ta kashi 95 cikin 100, wato zangon lambobin da bayanan ba su iya korewa a matsayin ainihin matsakaici, za ta kama daga awa 92.8 zuwa awa 100.2. Awa 100 tana ciki, amma da ƙyar, a can bakin iyaka. Awa 97 tana ciki, awa 94 ma tana ciki. Bayanan da ba su iya kore 100 ba, ba su iya kore 94 ba, saboda haka babu yadda za a yi su tabbatar da ɗaya su bar ɗaya. Ƙari a kan haka, in da ainihin matsakaicin awa 97 ne, wato kamfani ya yi ƙarin gishiri da awa 3, gwaji mai batir 10 kacal ba zai kama hakan ba sai ƙasa da sau 4 cikin 10. Wannan shi ake kira ƙarfin gwaji, kuma wanda ya rubuta cewa an tabbatar ya nuna bai san akwai shi ba. Ronald Fisher, wanda ya shimfiɗa mafi yawan wannan hanya tun yana aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, ya rubuta a 1935 cewa gwaji ba ya taɓa tabbatar da hasashen tushe, iyakarsa dai ya ba bayanai damar rushe shi. Ɗalibin da ya kammala darasi mai zurfi bai riƙe wannan ba ya rasa ginshiƙin darasin, kuma maki 1 cikin 8 bai isa ya sanar da shi girman abin da ya rasa ba.

Akwai wasu kurakurai da ke ɓuya a cikin lissafi, mai dubawa ya ɗauke su ƙananan tuntuɓe alhali na fahimta ne. Ɗalibin da ya ɗauko 1.96 daga teburin z, wanda ake amfani da shi idan an san ainihin warwatsuwa, maimakon 2.262 daga teburin t zai yi watsi da hasashen tushe a misalinmu, tun da 2.13 ta wuce 1.96. Sau da yawa akan ce ya buɗe shafin da ba shi ba ne, a cire masa maki 1. Amma bambancin waɗannan lambobi biyu shi ne gaba ɗayan abin da William Gosset ya gano ya wallafa a 1908, da sunan aro na Student, lokacin da yake aiki a kamfanin Guinness a birnin Dablin yana fama da ƙananan samfura. Idan ba a san ainihin warwatsuwar ɗaukacin abin da ake aunawa ba, aka ƙiyasta ta daga guda 10, to ƙiyasin kansa yana da rauni, kuma dole iyaka ta matsa gaba don ta rufe wannan rauni. Wanda ya yi amfani da 1.96 a nan ya ɗauki ƙiyasi a matsayin tabbas. Ya kamata tsarin maki ya nemi ɗalibi ya faɗi dalilin zaɓin gwajinsa da sharaɗin da ya rataya a kai, kamar cewa an ɗebi batiran ba tare da zaɓe ba kuma tsawon rayuwarsu yana bin rarrabuwa mai siffar ƙararrawa, a kuma ware wa wannan makinsa daban.

Haka batun gefe ɗaya da gefe biyu, wato ko ana neman bambanci ta ɓangare ɗaya kawai, ko ta sama da ƙasa duka. Wani ɗalibin zai ga 96.5 ta gaza 100, sai ya rubuta H1 cewa matsakaici ya yi ƙasa da 100, ya ɗauko iyakar gefe ɗaya, wato 1.833, ya yi watsi da hasashen tushe. Ya zaɓi gefen ne bayan ya leƙa bayanan, kuma wanda ke yin haka kullum ya ninka yiwuwar ƙaryata hasashe mai gaskiya daga kashi 5 zuwa kashi 10 cikin 100 ba tare da ya sani ba. Sai dai a nan dole in juyo kanmu masu shirya tambaya. Idan tambayar ta ce masu saye suna kukan batirin ba ya daɗewa, sannan ta ce a gwada da'awar kamfani, to ta buɗe ƙofa biyu, kuma ɗalibin da ya bi ta gefe ɗaya yana da hujja mai kyau. Ba daidai ba ne a rubuta tambaya mai harshen damo, sannan takardar amsa ta yarda da hanya guda kawai. Lamba ɗaya ce, 2.13, amma ta haifi hukunci daban-daban gwargwadon iyakar da aka jingina ta da ita, kuma mai dubawar da bai san dalilin kowace iyaka ba ba zai iya bambanta mai hujja da mai kame-kame ba.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne amsar da ta faɗa daidai bisa kuskure. Ɗalibi yakan rubuta cewa −2.13 ta yi ƙasa da 2.262, saboda haka ba a yi watsi da hasashen tushe ba. Hukuncin ya dace da takardar amsa, sai a ba shi maki. Amma kowace lamba mai alamar ragi tana ƙasa da 2.262, da −4.43 ya samu, ko −40, haka zai rubuta. Bai kwatanta komai ba. Irin wannan ne kuma ɗalibin da ya rubuta hasashen tushe a kan matsakaicin samfuri, ya ce matsakaicin batir 10 ɗin nan awa 100 ne, alhali an riga an gaya masa 96.5 ne, kuma babu mai yin hasashe a kan abin da ke rubuce a gabansa. Hasashe a kan ɗaukacin batiran da ba a gwada ba ake yin sa. Bambancin alama ɗaya ce a takarda, harafin Girkanci na miyu a maimakon x mai sanda a ka, kuma na sha jin ana cewa a yi wa ɗalibi afuwa tun da alama ce kawai. Ban yarda ba. A cikin wannan alama dalilin yin gwajin gaba ɗaya yake.

Idan aka zo tambayar da ke cewa a bayyana ma'anar ƙimar p, matsalar takan tashi daga ɗalibi ta koma kan mai jan biro. Amsar da ta fi yawa ita ce cewa ƙimar 0.06 tana nufin yiwuwar hasashen tushe ya zama gaskiya kashi 6 cikin 100 ne. Wannan kuskure ne tsantsa. Ƙimar tana faɗin yiwuwar ganin irin waɗannan bayanai idan hasashen gaskiya ne, ba ta faɗin yiwuwar hasashen ya zama gaskiya bayan an ga bayanan, kuma tsakanin maganganun biyu akwai nisa. A 2002 wasu masu bincike biyu, Heiko Haller da Stefan Krauss, sun gabatar wa ɗalibai da malaman sashen nazarin halayyar ɗan Adam a jami'o'in Jamus jimloli shida a kan ma'anar ƙimar p, dukkansu na kuskure. Babu ɗalibi ko ɗaya da ya tsallake dukkansu, kuma kashi 80 cikin 100 na malaman da ke koyar da hanyoyin bincike da ƙididdiga sun yarda da aƙalla ɗaya. Idan haka abin yake a wurin masu koyarwa, ba hikima ba ce a miƙa wa mai dubawa takardar amsa mai layi ɗaya a ce ya yi amfani da hankalinsa. Kafin a raba takardu, ya kamata masu dubawa su zauna tare, a ɗauko amsoshi na gaske, kowa ya ba da makinsa a ɓoye, sannan a buɗe a tattauna inda aka saɓa. Jimlolin kuskure da aka san za su fito a rubuta su a takardar amsa ƙarara, tare da makin da kowace za ta rasa.

Wannan juya sharaɗi da sakamako ba wasan aji ba ne. A 1999 wata kotu a Ingila ta ɗaure wata uwa bisa zargin kashe jariranta biyu, bayan wani ƙwararren likita ya shaida cewa yiwuwar jarirai biyu su yi mutuwar farat ɗaya a irin gidanta 1 ne cikin miliyan 73. Ƙungiyar masana ƙididdiga ta Birtaniya ta fitar da sanarwa a 2001 tana cewa lambar ba ta da tushe, domin an ninka yiwuwar mutuwa ɗaya da kanta kamar babu abin da zai iya haɗa mutuwar 'yan'uwa biyu, ta kuma yi gargaɗi cewa ƙanƙantar yiwuwar faruwar abu ga marar laifi ba ita ce yiwuwar wanda ake tuhuma ya zama marar laifi ba. An soke hukuncin a 2003, bayan wata shaidar likitanci da ba a gabatar ba tun farko ta fito. Kuskure na biyun nan shi ne dai wanda muke gani a takardun ɗalibai, muna cire rabin maki muna wucewa.

Kada a fahimce ni da cewa ina kira a riƙa farautar kalmomi. Akwai masu dubawa da ke soke amsa da zarar sun ga ɗalibi ya ce an karɓi hasashen tushe, ko da abin da ya biyo baya ya nuna ya fahimta sarai. Wannan ma gajerar hanya ce ta guje wa karatu. Jerzy Neyman da Egon Pearson, waɗanda a rubuce-rubucensu na 1928 da 1933 suka kawo kishiyar hasashe da ƙarfin gwaji da nau'o'in kuskure biyu, na farko watsi da hasashen tushe mai gaskiya, na biyu kasa yin watsi da wanda ba gaskiya ba, sun ɗauki gwaji a matsayin ƙa'idar aiki: ko a karɓa ko a ƙi, kamar yadda masana'anta ke karɓar kaya ko ta mayar, ba tare da ta yi rantsuwa a kan kowane ɗaya ba. Fisher bai yarda da wannan kallo ba, kuma saɓaninsa da Neyman ya ci gaba har rasuwar Fisher a 1962. Littattafan da ɗalibai ke karantawa a yau sun gauraya hanyoyin biyu, wasu na cewa a karɓa, wasu na hanawa. Ɗalibin da ya ce ya karɓi hasashen tushe a ma'anar cewa babu dalilin dakatar da kayan, ya kuma ambaci yiwuwar kuskure nau'i na biyu, ya fi wanda ya haddace jimlar da ake so ya zuba ta ba tare da ya ambaci batir ko awa ba. Abin da za a hukunta shi ne da'awar tabbas a inda babu tabbas, ko da wace kalma aka yi ta.

Na san abin da abokan aikina za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Lamba tana da sauƙin dubawa, ko ta yi daidai ko ba ta yi ba, kuma masu dubawa goma za su ba ta maki ɗaya. Jimla kuwa kowa da yadda zai karanta ta, ga takardu jibge, ga wa'adi a wuya. Ɗalibi yana da haƙƙin kada makinsa ya dogara da hannun da takardarsa ta faɗa. Akwai kuma ɗaliban da ke rubuta jarrabawa da harshen da ba nasu ba, waɗanda ƙarin nauyi a kan jimla zai iya cutar da su saboda nahawu, ba saboda ƙididdiga ba. Amsata ita ce jimlar ƙarshe tana rarrabuwa kamar yadda lissafi ke rarrabuwa. Ana iya tambaya ko hukuncin ya bi kwatancen da ɗalibin ya yi da kansa, ko ya yi magana a kan ɗaukacin batiran ko a kan goman da aka gwada, ko ya ambaci abin da ake aunawa da sunansa, da kuma ko ya bar ƙofar shakka a buɗe. Kowace daga cikin waɗannan amsarta i ko a'a ce, kuma babu wadda ta shafi kyawun nahawu. Ɗalibin da ya rubuta gurguwar jimla amma ta ƙunshi abubuwan nan ya cancanci makinsa cikakke. Lokacin da zai ƙaru kuwa ana iya samo shi daga rage matakan lissafi da ake bi ɗaya bayan ɗaya.

Fannin kansa ya daɗe yana kuka da abin da wannan tarbiyya ke haifarwa. A 2015 wata babbar tawagar masu bincike ta sake gudanar da bincike 100 da aka wallafa a fannin halayyar ɗan Adam. 97 daga cikinsu sun tsallake haddi a karon farko, amma a maimaicin kimanin kashi 36 cikin 100 ne kawai suka tsallake. A watan Maris na 2016 ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka ta fitar da sanarwa mai ƙa'idoji shida, daga cikinsu akwai cewa ƙimar p ba ta auna yiwuwar gaskiyar hasashe, ba ta auna girman tasiri, kuma bai kamata a rataya hukunci a kan ta tsallake wata iyaka kawai ba. A 2019 masana sama da 800 suka sa hannu a wani kira a mujallar Nature na a daina raba sakamako gida biyu da wannan layi. Ba na cewa jan biron malamai ne ya jawo duk wannan, akwai matsin wallafa da son suna da sauransu. Amma mai binciken da ke ganin 0.049 nasara ce, 0.051 kuma faɗuwa, a wani aji ya koyi haka, kuma an ba shi cikakken maki a kai. Jarrabawa mai zurfi ta isa ta tambayi ɗalibi abin da zai faru idan aka yi gwaje-gwaje 20 masu zaman kansu a haddin kashi 5, alhali babu wani tasiri na gaske. Amsar ita ce yiwuwar aƙalla ɗaya ya tsallake ta kai kashi 64 cikin 100. Ta isa ta tambaye shi abin da zai ce idan an gwada batir 10,000 aka sami giɓin minti 12 kacal: lambar gwaji za ta kai wajen 3.85, ta wuce kowace iyaka da aka saba, amma babu mai saye da zai lura da minti 12 a cikin awa 100.

Roƙona ga sassan ƙididdiga da hukumomin jarrabawa shi ne, kafin a buga kowace tambaya, wanda ya shirya ta ya warware ta ta duk hanyoyin da ɗalibi zai iya bi, da t da z, da gefe ɗaya da gefe biyu, ya ga inda hukunci ya rabu, ya rubuta a takardar amsa abin da za a yi da kowace hanya. A kuma sa aƙalla tambaya guda da za a ba ɗalibi sakamakon kwamfuta a shirye, babu lissafin da zai yi, makin duka ya tafi ga faɗin hasashe, duba sharuɗɗa, da bayyana abin da sakamakon ya nuna da abin da bai nuna ba. Zan so in ji ta bakin malaman da suka gwada irin wannan tambaya, musamman yadda makin masu dubawa daban-daban ya daidaita a kanta, idan Edita zai ba su fili kamar yadda ya ba ni.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin ilimin ƙididdiga